RA'AYI: Ba cajar waya ce ke cinye yunit ɗin gida ba

Ma'aikacin da ke zaune a unguwar da aka sanya cikin Rukunin A, idan ya sayi wutar Naira 10,000 ta wayarsa, abin da zai shiga mitarsa bai wuce yunit 44 ba, bayan an zare harajin kashi 7.5 cikin ɗari. Kafin ranar 3 ga Afrilun 2024 wannan kuɗi kan ba shi sama da yunit 130. A ranar ce Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya daga wajen Naira 68 zuwa Naira 225, aka sauko da shi zuwa Naira 206.80 a watan Mayu, aka sake tura shi Naira 209.50 a watan Yuli. Wata goma kafin wannan ƙari, ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na karɓar mulki. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma Naira 537 a Abuja cikin 'yan kwanaki, ta haura Naira 1,000 a watan Oktoban 2024, sannan ta shiga hawa da sauka. Mafi ƙarancin albashi kuwa, wanda aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024, Naira 70,000 ne.

Farashin wuta da na mai ba a hannun ma'aikaci suke ba, kuma muhawara a kan dacewar waɗannan manufofi ba ta ƙare ba. Sai dai ƙarshen wata ba ya jiran a gama muhawara. Abin da ake gani a gidaje da dama, daga Kubwa zuwa Lugbe, daga Karu zuwa Gwarinpa, shi ne tsimin da bai san inda ya dosa ba. Maigida ya dawo daga ofis da gajiya, ya tarar da mita tana kuka, sai faɗa ya tashi a kan yaron da ya bar caja a soket, ko a kan kwan fitilar tsakar gida da aka manta ba a kashe ba. A daidai lokacin kuma hitar banɗaki tana kunne tun asuba babu wanda ya tuna da ita. An bar jaki ana dukan taiki.

Lissafin ba mai wuya ba ne, kuma duk wanda ya taɓa cike takardar neman kuɗin tafiya a ofis zai iya shi. Kowane kayan wuta na ɗauke da ƙaramin rubutu a bayansa ko a ƙarƙashinsa da ke nuna yawan wat ɗin da yake ja. Abin da ke jan wat 1,000, idan ya yi awa guda a kunne, ya ci yunit ɗaya. Wayar hannu, ko da kullum ake cika ta, ba ta cin yunit ɗaya a wata guda cur. Dutsen guga yana cin wannan yunit a cikin awa ɗaya. Daga nan ƙa'idar ta fito fili: kayan da ke zafafa abu ko sanyaya shi su ne masu cin kuɗi, sauran duk 'yan rakiya ne.

Babban mai ci shi ne na'urar sanyaya ɗaki. Wadda aka fi gani a ɗakunan kwana, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, tana jan wajen wat 1,100 a duk lokacin da injinta ke aiki. Idan ta kwana awa takwas injin bai huta ba, a wata ta ci sama da yunit 260, wato fiye da Naira 55,000 a farashin Rukunin A. Fankar sama mai wat 70, a awannin nan takwas, ba ta kai Naira 4,000 a wata ba. Ba za a ce wa mai jariri ko mai tsoho a gida ya kwana cikin gumi a watan Maris ko Afrilu ba, lokacin da zafin Abuja ke hana barci. Amma akwai tazara mai faɗi tsakanin amfani da na'urar da kuma azabtar da ita. Mutane da yawa na tura rimot zuwa 16 da zaton ɗaki zai fi saurin yin sanyi. Saurin ɗaya ne. Abin da 16 ke yi kawai shi ne hana injin hutawa, domin ɗakin da ya yini yana shan rana da wuya ya sauka zuwa wannan mataki, don haka injin sai ya yi ta gudu har gari ya waye. Idan aka tsayar da ita a 25 ko 26 aka haɗa da fanka, jiki zai samu sanyin da yake nema, injin kuma zai riƙa tsayawa da kansa, kuma duk mintin da ya tsaya kuɗi ne ya zauna a mita. Akwai maɓallin saita lokaci a kusan kowane rimot, wanda zai kashe ta bayan awa uku ko huɗu idan dare ya yi nisa iska ta sauya. Mutane ƙalilan ne suka taɓa danna shi. Sai ragar tace ƙura, wadda hunturu ke toshewa, wadda ruwan famfo da minti biyar suka isa su wanke. Sai labule mai kauri a tagar da ke fuskantar yamma, a saukar da shi tun azahar, domin zafin da bai shigo ɗaki ba babu wanda zai biya kuɗin fitar da shi.

Hitar banɗaki ce ta biyu, musamman da hunturu. Tana jan wat 1,200 zuwa 2,000, kuma rabin awa zuwa awa ɗaya kafin wanka ya ishe ta. Barinta a kunne duk yini na nufin ruwa ya yi zafi, ya huce, ya sake yin zafi, alhali kowa na ofis ko makaranta. Guga kuma, wadda ma'aikaci ba shi da yadda zai guje mata, ta fi araha idan aka tara kayan mako aka yi ta a zama ɗaya, maimakon a kunna dutse kowace safiya saboda riga guda da hula. Gidan da ke da rijiyar burtsatse ya duba tankinsa: ruwan da ke malala daga sama bayan ya cika wuta ce ke zuba a ƙasa, kuma ƙaramar na'urar da ke kashe injin idan tanki ya cika ba ta kai kuɗin wutar da ake asara a 'yan watanni ba.

Batun firiza na buƙatar a tsaya a kansa, domin ya taɓa zama zancen ƙasa. Kwanaki kaɗan bayan ƙarin farashin 2024, Ministan Lantarki Adebayo Adelabu ya zargi 'yan Najeriya da barin firiza a kunne kwana da kwanaki saboda arahar wuta. Jama'a suka fusata, daga baya ya nemi afuwa. Fushin na da dalili, domin mutumin da wutarsa ke ɗaukewa ba tare da sanarwa ba ba shi da zaɓi illa ya bar firizarsa ta tara sanyi kafin a ɗauke. Ta fuskar aikin na'ura ma shawarar ba ta da ƙarfi: firiza mai lafiya tana kashe injinta da kanta idan sanyi ya kai, abin da take ci a rana bai fi yunit ɗaya zuwa biyu ba, kuma naman da ya narke ya lalace ya fi wannan tsada. Inda kuɗi ke zurarewa shi ne firiza ko firiji marar lafiya. A rufe ƙofar a kan takardar Naira a ja ta. Idan ta zame babu tirjiya, robar ƙofa ta mutu, injin na aiki dare da rana yana sanyaya kicin. A janye firijin daga jikin bango da kuma kusa da murhu, a bar miya ta huce kafin a saka ta, a narkar da ƙanƙarar da ta yi kauri a jikin bango. Firizar da babu kaya da yawa a cikinta a cika ta da robobin ruwa, domin su ne za su riƙe sanyi idan wuta ta tafi. Mai shirin sayen tsohon firiji na gwanjo kuma ya sani cewa rangwamen da ya samu a kasuwa mita ce za ta karɓe shi kaɗan-kaɗan.

Kwan fitila ba shi da laifin da ake ɗora masa, sai fa idan tsohon yayi ne mai zafi. Mai wat 60, awa shida a kullum, yana cin sama da Naira 2,200 a wata. Farin kwan zamani mai wat 9 da ke ba da haske daidai da shi bai kai Naira 350 ba. A gidan da ke da kwai goma bambancin ya haura Naira 19,000. Wannan gyara ne na rana ɗaya, in an yi shi an gama.

Duk tsadar Rukunin A, wutar janareto ta fi ta. Matsakaicin janareto, irin mai ɗaukar firiji da fankoki da talabijin, kan sha wajen lita ɗaya a awa, kuma abin da gidan ke amfani da shi a awar da ƙyar yake kai yunit ɗaya. Idan aka ɗauki lita a Naira 900, kowane yunit na janareto ya ninka na kamfani sau huɗu ko fiye. Saboda haka guga, jan ruwa, wanki da cajin fitilu ayyuka ne na lokacin da aka kawo wuta, ba na lokacin da aka tayar da inji ba. Tayar da babban janareto don kallon labaran ƙarfe tara da cajin wayoyi biyu asara ce tsagwaronta, domin injin na shan mai ko an ɗora masa kaya ko ba a ɗora ba. A nan ne ƙaramar sola ke da amfani: faranti ɗaya ko biyu da batir, don fitilu da fanka da talabijin kawai, ba don dutsen guga ko na'urar sanyi ba. Ƙungiyoyin gama kai na ma'aikatu kan bayar da irin wannan bashi a riƙa cira daga albashi, haka ma hukumar CREDICORP da aka kafa a 2024, wadda ta fara da ma'aikatan gwamnati. Mai hankali dai zai tambayi jimillar abin da zai biya zuwa ƙarshe da kuma shekarun garantin batir kafin ya sa hannu.

Akwai tsimin da ke kisa, kuma dole a ambace shi. Shigar da janareto cikin kicin, ko baranda mai rufi, ko ƙarƙashin bene saboda tsoron ɓarayi ya sha hallaka iyali gaba ɗaya a dare guda, domin gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi ba ta da wari, barci kawai take ƙara wa mutum. Haka tara jarkokin fetur a ɗaki don gudun ƙarin farashi. Haka kuma ba wa mai gyaran wuta na goro ya zagaye mita da waya: laifi ne a Dokar Lantarki ta 2023, yana jawo gobara, kuma ma'aikacin gwamnati da aka kama da shi abin da zai rasa ya wuce tara.

A kicin, tsimin gas na hannun uwargida, kuma yawancin dabarun ta gaje su tun daga murhun itace. Tukunya a rufe ta fi saurin tafasa. Ruwan da ya tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wuta, don haka da zarar ya ɓararraka sai a rage harshen. Sauran gas ɗin tururi yake zama. Waken da ya kwana a jiƙe ba ya ɗaukar lokacin wanda aka zuba a bushe. Tukunya mai kulle tururi na dafa ganda, ƙafar saniya ko wake cikin ƙasa da rabin lokacin da aka saba, kuma a gidan da ake yawan irin wannan girki tana mayar da kuɗinta ba da jimawa ba. Harshen wuta ja ko rawaya alama ce kan murhu ya toshe. Shuɗi ake so. A farashin Rukunin A, girki da murhun lantarki ya fi na gas tsada a mafi yawan lokuta. Komawa ga gawayi da gidaje da yawa suka yi abin fahimta ne, amma hayaƙinsa a huhun mata da yara yake sauka, buhunansa kuma daga dazuzzukan Nasarawa da Neja ake lodo su.

Mota ce ke cin kaso mafi girma, kuma a nan tsarin Abuja kansa ne ke hukunta ma'aikaci. Birnin ya tara ofisoshi a tsakiya, kuɗin haya kuma ya kori masu aiki a cikinsu zuwa Kubwa, Nyanya, Kuje, Gwagwalada, har zuwa Mararaba a Nasarawa da Suleja a Neja. A ɗauki wanda ke tafiyar kilomita 25 zuwa Sakatariyar Tarayya, ya koma 25, kwana 22 a wata, da motar da ke shan lita 10 a kilomita 100. Lita 110 ke nan, kusan Naira 100,000 idan lita na Naira 900, kafin a yi zancen cunkoson safiya ko kai yara makaranta. Babu wata dabarar tuƙi da za ta kai haɗa mota tasiri. Mutum huɗu 'yan unguwa ɗaya, ma'aikata ɗaya ko maƙwabtan ma'aikatu, kowa ya fito da motarsa mako guda a wata, kowannensu ya zubar da kashi uku cikin huɗu na wannan nauyi. Kuma a garin da 'yan fashi ke shigar burtu da motocin haya, shiga motar wanda aka sani kariya ce. Abin da ke rushe irin wannan tsari ba kuɗi ba ne, latti ne da girman kai: mai muƙamin mataimakin darakta na jin nauyin a gan shi ya sauko daga motar ƙaramin jami'i. Wannan nauyi ne mai tsada.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Tayar da iskarta ta yi ƙasa na ƙara shan mai, kuma duba ta wajen mai faci sau ɗaya a wata bai fi kuɗin ruwan leda kaɗan ba. Dumama inji na minti goma da safe al'ada ce da aka gada daga tsofaffin motoci. Na yanzu minti ɗaya ya ishe su, sai a tashi a hankali. Taka totur da ƙarfi don a sha gaban mota biyu a titin filin jirgi, sannan a taka birki a shingen gaba, mai ne aka ƙona a banza. But ɗin da ya zama sito a sauke masa kaya. Mai tunanin mayar da motarsa ga iskar gas ta CNG ya je cibiyar da gwamnati ta amince da ita kaɗai, ya kuma fara duba ko akwai gidan gas a kan hanyarsa da tsawon layinsa. Fashewar da aka yi a wani gidan gas a Benin a watan Oktoban 2024 ta samo asali ne daga tukunyar da aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba. Jirgin ƙasan cikin gari da aka sake buɗewa ranar 29 ga Mayun 2024 na taimakon masu fitowa daga ɓangaren Kubwa da Idu, amma bai je Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson ya fi tsanani.

Duk lissafin wutar da ya gabata na mai mita ne. Kusan rabin masu hulɗa da kamfanonin rarraba wuta a Najeriya ba su da ita, kuma wanda ake kawo wa takardar ƙiyasi ko ya kwana a duhu kuɗinsa ba zai ragu ba. Faɗa wa irin wannan mutum ya yi tsimi izgili ne. Matakinsa na farko shi ne neman mita, da sanin cewa NERC ta ƙayyade iyakar abin da za a iya ƙiyasta masa tun 2020. Masu haya da ke tarayya a mita ɗaya su haɗa kuɗi su sa ƙananan mitoci a kowane sashe, a huta da rigimar wa ke da hita a ɓoye. Mai mita kuma ya mayar da ita malamarsa: ya rubuta adadin da ya rage da dare, ya sake dubawa da safe, mako guda a jere, yana sauya abin da ya bari a kunne. Jar fitilar da ke ƙiftawa a jikin mitar na ƙara sauri idan aka kunna abu mai ci. Minti biyar na gwaji za su nuna masa ɓarawon gidansa. Ya kuma riƙa rubuta awannin da ake ba shi wuta. Alƙawarin Rukunin A awa 20 ne aƙalla a rana, na B 16, na C 12, na D 8, na E 4. Wanda ke biyan kuɗin A yana samun wutar C na da damar kai kuka ga sashen ƙorafi na kamfani, in bai gamsu ba ya wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC. Ba aikin banza ba ne: a watan Afrilun 2024 hukumar ta ci tarar kamfanin AEDC Naira miliyan 200 saboda ɗora sabon farashin a kan waɗanda ba sa cikin rukunin.

Abin da ya rage shi ne ofis, kuma a nan ma'aikaci ba wanda aka zalunta ba ne kawai. Mutumin da ke bin yaransa da faɗa a kan caja shi ne zai fita daga ofis da yammacin Juma'a ya bar na'urorin sanyi biyu da fitilu a kunne har Litinin, saboda kuɗin ba daga aljihunsa zai fita ba. Daga aljihunsa yake fita, ta hanya mai nisa. A watan Fabrairun 2024 kamfanin AEDC ya wallafa sunayen ma'aikatu da hukumomi 86 da yake bi bashin sama da Naira biliyan 47, har da Fadar Shugaban Ƙasa. Gwamnatin da ke cikin wannan jeri ba ta da bakin yi wa talaka wa'azin firiza. A watan Oktoban 2024 Shugaban Ƙasa ya taƙaita ayarin ministoci da shugabannin hukumomi zuwa mota uku; masu taimaka wa manyan jami'ai, waɗanda ke tsara fita da shiga, su suka fi kowa sanin ko ana bin umarnin. Su ne kuma za su iya sama wa direba wurin zama mai inuwa, maimakon ya shafe awa uku a farfajiya inji na aiki yana jiran a tashi daga taro.

Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya na iya farawa da takardar umarni guda: a kowane hawa na Sakatariya a ɗora wa jami'i ɗaya, da sunansa, alhakin zagayawa bayan tashi daga aiki, a tsayar da na'urorin sanyi a mataki ɗaya, a gyara motocin jigilar ma'aikata da ke ajiye, a ba hanyar Nyanya da Mararaba fifiko. Sannan kowace ma'aikata ta riƙa liƙa abin da ta kashe a wuta da dizal kowane wata a allon sanarwa na bakin ƙofa, kusa da jerin sunayen waɗanda aka yi wa ƙarin girma, inda babu ma'aikacin da ke wucewa bai tsaya ya karanta ba.